Mai Bincike da Masu Masaukinsa: Tasirin Dangantaka a Tarihin Nazarin Bori da Maguzanci

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki littafin da aka rubuta a kan addinin wata al'umma, abin da yakan fara nema shi ne abin da aka ce mutanen sun gaskata da shi, da yadda suke yin bauta, da sunayen abubuwan da suke tsoro ko suke girmamawa. Ba kasafai mai karatu yakan tsaya ya tambayi yadda marubucin ya sami wannan bayani ba, watau wane ne ya sauke shi, wane ne ya yi masa tafinta, a zauren wa aka zauna, kuma wata nawa ko shekara nawa aka yi ana tare kafin a saki jiki da shi. A ganinmu amsar waɗannan tambayoyi tana daga cikin abubuwan da suke yanke hukunci a kan abin da zai shiga littafi da abin da zai saura a waje.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wasu daga cikin manazartan da suka zauna da Hausawa da maƙwabtansu domin nazarin bori da maguzanci, tun daga littafin Tremearne na 1913 har zuwa na Masquelier na 2009. Za mu dubi irin dangantakar da ta haɗa kowannensu da mutanen da suka ba shi bayani, sa'an nan mu auna yadda wannan dangantaka ta buɗe masa wata ƙofa ta rufe wata, da kuma yadda tsawon zama ya canza abin da aka faɗa masa. Daga ƙarshe za mu juyo gida, mu ga darasin da ke cikin wannan tarihi ga malaman da ke tura ɗalibai ƙauyuka da unguwanni neman bayani.

2.0 Abin da Ya Sa Binciken Addini Ya Fita Daban

Mai binciken noma yana iya auna gona ya ƙirga damman gero, mai binciken ciniki kuma yana iya zama a kasuwa ya rubuta farashi, ko da kuwa ba wanda ya san shi a garin. Addini bai yarda da haka ba, balle addinin da ya daɗe yana shan kyara. Tun kafin jihadin 1804 malamai suke wa'azi a kan yanka ga duwatsu da itatuwa, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga irin waɗannan al'adu a littafinsa Nurul Albab. Saboda haka bori ya saba da zama tsakanin fili da ɓoye. Akwai wasan da ake yi a dandali da garaya ko goge, kowa yana kallo, akwai kuma girka da ake yi a ɗaki, wadda ba mai shiga sai wanda abin ya shafa. Hausawa kuwa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Don haka muna iya cewa tambaya guda a kan iskoki tana da amsa iri uku. Akwai amsar da ake ba hukuma, wadda manufarta ita ce a rabu lafiya. Akwai amsar da ake ba baƙo, wadda ke tafe da ladabi da son a faranta masa. Akwai kuma maganar da ake yi a gaban ɗan gida, wadda sau da yawa ba tambaya ce ke jawo ta ba, rashin lafiyar yaro ne ko ɓarin ciki ko gobara. Tarihin da za mu bi, tarihi ne na yadda manazarta suka yi ta matsawa daga amsa ta farko zuwa ta uku.

3.0 Ubangida da Bara: A. J. N. Tremearne

Manjo Tremearne soja ne haifaffen Ostireliya, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin Turawa, ya kuma yi karatun ilimin al'adu a Jami'ar Kambirij. Littafinsa na 1913, Hausa Superstitions and Customs, ya ƙunshi tatsuniyoyi ɗari, waɗanda ya samo da yawa daga cikinsu daga bakin sojoji da masu yi masa hidima. Dangantakar da ke tsakaninsa da waɗannan mutane ta ubangida da bara ce. Bara yana iya yi wa ubangidansa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba tare da fargaba ba, amma da wuya ya kai shi ɗakin da ake girka ƙanwarsa, musamman a lokacin da hukuma, ta Turawa da ta sarakuna, ba ta yi wa bori kallon alheri.

Abin lura shi ne, da Tremearne ya so ya rubuta littafi sukutum a kan bori, sai da ya tafi Afirka ta Arewa. A Tunis da Tarabulus ya sami jama'ar Hausawa, galibinsu bayin da aka ƙetara Sahara da su ko kuwa zuriyarsu. A can ba shi da bulala ba shi da kurkuku, domin Tunis tana hannun Faransa, Tarabulus kuma tana hannun Italiya. A nan ne aka jera masa sunayen iskoki da kirarinsu da irin dabbar da ake yanka wa kowanne, abin da ya fito a littafinsa na 1914, The Ban of the Bori. Watau inda yake da iko tatsuniya ya samu, inda ikonsa ya ƙare kuwa nan ya ga bori.

Sai dai wannan nasara tana da nata naƙasu. Borin da ya gani bori ne na 'yan ci-rani na dole, wanda ya cuɗanya da al'adun ƙasar da aka kai su, alhali masu karatu da yawa sun ɗauke shi tamkar hoton borin Kano ko Katsina. Zamansa da mutanen kuma gajere ne, sa'an nan an kashe shi a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa cikin 1915.

4.0 Baƙo da Masaukinsa: Joseph Greenberg

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, sai wani saurayi Ba'amurke, Joseph Greenberg, ɗalibin Melville Herskovits, ya zo ƙasar Kano cikin 1938 zuwa 1939 domin ya zauna da Maguzawa. Shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ya kuma zo da sanin Larabci, ya iya Hausa. Duk da haka, a wancan zamani ba yadda Bature zai sauka a ƙauye ba tare da iznin Razdan da na Sarki ba, sa'an nan a miƙa shi hannun hakimi, hakimi ya miƙa shi ga dagaci. Bamaguje da ya ga baƙo ya biyo ta wannan hanya, wadda ita ce hanyar da haraji ke biyowa, dole ya auna maganarsa.

Littafinsa, The Influence of Islam on a Sudanese Religion, ya fito cikin 1946, kuma ko da yake bai kai shafi ɗari ba, har yau ana komawa gare shi. Ya nuna yadda aka daidaita iskoki da aljannun da malamai ke karantawa a littattafai, da yadda aka raba su zuwa farare da baƙaƙe, ya kuma kafa hujja da cewa tasirin Musulunci ya iso wa Maguzawa ta hannun malaman ƙasa masu karatun Larabci. Idan muka dubi inda littafin ya fi ƙarfi, za mu ga a wurin tsafin kan gida ne da yankan da masu gida ke yi da kuma jerin sunayen iskoki, watau ilimin da dattawa maza ke riƙe da shi, wanda kuma ake iya faɗa wa baƙo namiji a zaure ko a gindin itace. Abin da ke gudana a ɗakunan mata kuwa sai ya jira wani mai bincike, domin hankalin Greenberg ya koma ga nazarin harsuna, fagen da ya yi suna a cikinsa.

5.0 Ƙawance: Mary Smith da Baba ta Karo

Wannan jira bai yi tsawo ba. Cikin 1949 M. G. Smith ya zo ƙasar Zazzau domin nazarin tattalin arziki da sarauta, tare da matarsa Mary. Kulle ya hana shi shiga gidajen mutane, don haka duk abin da ya shafi mata sai ya faɗo a wuyan matar tasa. A garin Giwa, inda Fagacin Zazzau yake hakimci, ta haɗu da wata tsohuwa ungozoma da ake kira Baba, wadda ta tashi a ƙauyen Karo kusa da Zarewa ta ƙasar Kano, ta kuma ga zamanin harin bayi kafin zuwan Turawa. Bayan sun saba, sai Baba ta yarda ta ba da labarin rayuwarta. Sun yi kimanin mako shida suna zama tsakanin Nuwamba 1949 da Janairu 1950, Baba tana faɗa da Hausa, Mary tana rubutawa da hannu. Littafin Baba of Karo ya fito cikin 1954, shekara uku bayan rasuwar mai labarin.

Muhimmancin wannan littafi ga nazarin addini ya ta'allaƙa ne a kan yadda maganar bori ta shigo cikinsa. Ba a ware mata wani zama na tambaya da amsa kamar yadda ake yi wa boka ba. Ta riƙa ɓullowa ne a tsakiyar labarin aure da kishi da rashin haihuwa da ciwon hauka, watau a inda take zaune a rayuwar mutane. Baba Musulma ce matar malami, kuma ba ta ga wani abin mamaki ba a ce mace tana salla tana azumi, sa'an nan idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a nemi 'yan bori. Har ma ta bayyana cewa sarakuna suna son bori, malamai ma suna nemansa a asirce. Wannan magana ba a yin ta a gaban hakimi, ba a kuma yi wa baƙon kwana uku. Tsohuwa ce take yi wa yarinyar da ta ɗauka tamkar 'yarta ko ƙawarta, bayan an yi ta gaisawa ana kai wa juna ziyara.

Amma ko a nan akwai abin da ya kamata mu kiyaye. Na farko, muryar mace ɗaya ce, mai basira da iya zance, wadda ta yi aure huɗu ba ta sami haihuwa ba, kuma wannan ya shafi abin da ta fi mayar da hankali a kai. Na biyu, kunya tana aiki ko tsakanin ƙawaye, kuma tsohuwa tana da abin da ba za ta faɗa wa yarinya ba. Na uku, sunan da ke bangon littafin a matsayin marubuciya na Mary Smith ne, gabatarwa da sharhi kuma na mijinta, Baba kuwa ba ta rayu ta ji yadda aka juya maganarta zuwa Turanci ba. Ƙawance ya buɗe ƙofar cikin gida, amma bai daidaita matsayin ƙawayen biyu a gaban duniya ba.

6.0 Abota ta Tsawon Rai: Jean Rouch da Damouré Zika

Kafin mu ci gaba da ƙasar Hausa, ya kamata mu leƙa bakin kogin Kwara a Nijar, domin a can ne aka sami misalin dangantaka mafi tsawo a wannan fage. Ko da yake mutanen wurin Zabarmawa da Sanwai ne, iskokin da suka fi jawo hankalin duniya gare su, watau Hauka, sunansu ma Bahaushe ne. Sun ɓulla ne wajen 1925 a yankin Filinge, suna kwaikwayon sojoji da gwamnonin Turawa, kuma su ne Arawa ke kira Babule.

Jean Rouch ya zo Nijar cikin 1941 a matsayin injiniyan hanya na gwamnatin Faransa. Cikin 1942 aradu ta kashe leburori goma a wurin aikinsa. Wani saurayi daga zuriyar masunta Sorko da ke aiki tare da shi, Damouré Zika, ya ce wannan aikin Dongo ne, iskan tsawa, ya kuma kawo kakarsa Kalia ta jagoranci abin da ake yi a irin wannan hali. Daga nan Rouch ya shiga nazarin addinin mutanen, har ya rubuta babban littafi a kansa cikin 1960. Abotarsa da Damouré ta wuce shekara sittin, suna yin fina-finai tare, har Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni cikin Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai.

Wannan abota ce ta sa ya ga abin da wani Bature bai gani ba, amma ita ce kuma ta jefa shi cikin rigima. Cikin 1954 ya ɗauki fim na bikin 'yan Hauka da ke ci-rani a Ankara ta Gwalkwas, bisa gayyatar shugabanninsu kamar yadda shi kansa ya bayyana. Da aka nuna fim ɗin, Les Maîtres Fous, a Faris, sai ɗaliban Afirka suka fusata da ganin an nuna baƙar fata yana dalalar da kumfa yana cin kare, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata fim ɗin, hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas. Darasin da ke nan shi ne, yardar da aminai suka bayar a dandalinsu ba ta bin hoto zuwa duk inda aka kai shi.

7.0 Almajirci da Zaman Gandu: Murray Last

A rayuwar Murray Last ne muke ganin mutum ɗaya ya shiga ta ƙofa biyu mabambanta. A farkon shekarun 1960 ya je Sakkwato yana ɗalibin Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. A can ya zauna gaban Waziri Junaidu zama irin na almajiri da malaminsa, aka buɗe masa taskar littattafai da wasiƙun gidan waziranci. Kundin digirinsa ya ba da ƙarfi ga ofishin Waziri, kuma littafin da ya fito daga cikinsa a 1967, The Sokoto Caliphate, ya sa masana suka daina kallon jihadi a matsayin yaƙin ƙabila, suka koma kallonsa a matsayin yunƙurin malamai na kafa daula bisa littafi. Ba aibi ba ne a ce wannan daula ce kamar yadda ake hango ta daga zauren Gidaɗawa. Da a gidan wani basaraken Gobir ya sauka, da wani littafin ya rubuta.

Bayan haka sai ya juya ga mutanen da wancan littafi bai ba su fili ba. A farkon shekarun 1970 ya tare a wani babban gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi, ya zauna cikinsu shekara da shekaru yana lura da ciwo da magani, kuma ya ci gaba da komawa gidan bayan ya bar shi. Abin da wannan dogon zama ya haifar ya saɓa wa abin da aka saba karantawa. A wata maƙala da ya buga cikin 1981 a kan muhimmancin sanin abin da mutane ba su sani ba, ya nuna cewa talakawa da yawa, har da wasu masu ba da magani, ba su da wani tsararren bayani a kan musabbabin ciwo, ba su kuma damu da su same shi ba. Abin da ya dame su shi ne a sami sauƙi. A wata maƙalar ta 1991 kuma ya bayyana bori a gidajen waɗanda ba Musulmi ba a matsayin hanyar neman lafiya.

Wannan batu yana da nauyi ƙwarai. Mai binciken da ya zo da gaggawa yakan nemi gwani, watau Sarkin Bori ko wani shahararren boka, ya zaunar da shi ya yi ta tambaya. Gwani kuwa ba ya son ya ce bai sani ba a gaban baƙo, don haka yakan tsara amsa, har a wayi gari an sami cikakken fasali mai rassa wanda mafi yawan jama'a ba su taɓa jin sa ba. Kalmar "ban sani ba" sai an saba ake jin ta, domin mutum ba ya bayyana iyakar saninsa sai ga wanda ya daina jin nauyinsa.

8.0 Wanda Ya Dawo: Daga Besmer zuwa Masquelier

Ƙofar da aka shiga ta cikinta tana bayyana ko a sunan littafi. Fremont Besmer masanin kiɗa ne, ta hannun makaɗa ya kusanci borin Kano, shi ya sa littafinsa na 1983, Horses, Musicians and Gods, ya fi ƙarfi a kan kiɗa da kirari da tsarin zaurukan birnin Jangare goma sha biyu. Jacqueline Monfouga-Nicolas kuwa, da yake mace ce a cikin matan Maraɗi, inda Iya ke shugabantar 'yan bori, littafinta na 1972 ya fi karkata ga halin da mace ke shiga kafin girka da bayanta.

Adeline Masquelier ta zauna a Dogon Dutsi cikin 1988 zuwa 1989 tare da 'yan borin Arawa. Sunan littafinta na 2001, Prayer Has Spoiled Everything, kukan masu bori ne cewa yaɗuwar salla ta rushe musu al'amura. Ta ci gaba da komawa garin, kuma littafinta na 2009 ya koma kan mata da farfaɗowar Musulunci, da gardamar da ta biyo bayan isowar Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos cikin 1978. Gari ɗaya ne, mai bincike ɗaya ce, amma abin da ke cin zuciyar mutane ya sauya, kuma wanda ya riƙe zumunci dole ya bi mutanensa zuwa inda suka koma.

A nan ne lokaci ke nuna wata fuskarsa. Wadda ta yi alfahari da iskokinta a gaban na'urar ɗaukar magana tana iya tuba bayan shekara goma, ta je Makka, 'ya'yanta su zama masu wa'azi. Maganar da ta yi da hoton da aka ɗauke ta suna nan a littafi ba su tuba ba. A Nijeriya ma, bayan da jihohi goma sha biyu suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, abin da aka faɗa a sake a shekarun 1970 ya zama abin da ake iya kunyata iyali da shi. Amanar da mai bincike ya ɗauka ba ta ƙarewa ranar da ya kammala kundinsa.

9.0 Ɗan Gida a Matsayin Mai Bincike

Mai sauraro zai iya cewa duk wannan matsalar baƙi ce, tun da an ce baƙo ko da ido makaho ne, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Lalle manazartanmu na gida sun yi aiki mai daraja, kamar kundin Muhammad Sani Ibrahim na 1982 a Jami'ar Bayero a kan dangantakar al'ada da addini, da littafin Aliyu Muhammad Bunza na 2006, Gadon Feɗe Al'ada. Harshe ba ya yi musu shamaki, habaici da zaurance ba sa wuce su. Amma ɗan gida ma da tasa dangantakar yake tafe, kuma tasa ta fi ta baƙo nauyi, domin an san ubansa, an san masallacin da yake salla.

Ɗalibi Musulmi da ya sauka a gidan Maguzawa da hula da takardar tambayoyi, ana iya ɗaukarsa mai wa'azi ko ɗan leƙen asirin hukuma, sai a ba shi amsa ta farko, a ce an bar waɗannan abubuwa tun zamanin kakanni. Idan kuwa garinsu ne, kunya za ta hana shi tambayar gwaggonsa abin da Bature zai tambaya ba tare da ya ji komai ba, ita ma gwaggon ba za ta so ɗan ɗan'uwanta ya san inda take zuwa da dare ba. Bugu da ƙari, shi kansa yana tsoron abin da za a ce da shi idan aka gan shi yana zarya gidan Magajiya. Wannan tsoro ne yake sa wasu kundayen ɗalibanmu suke cika da neman tsari da la'anta, har bayanin da aka fita nema ya rasa wurin zama. Mutum yana iya riƙe aƙidarsa daram, ya kuma rubuta abin da ya gani da adalci, yadda malaman Musulunci na da suka rubuta littattafai a kan addinai da ƙungiyoyin da ba su yarda da su ba.

10.0 Kammalawa

Mun ga yadda ubangida ya sami tatsuniya, baƙo ya sami ilimin zaure, ƙawa ta sami labarin cikin ɗaki, almajiri ya sami taskar malaminsa, wanda ya daɗe kuma ya ji abin da mutane ba su sani ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littattafai shaida ne a kan addinin mutanen, shaida ne kuma a kan zaman da aka yi da su, kuma ba a fahimtar na farko sai an san na biyu.

Bisa ga haka muna ba da shawara huɗu ga malaman da ke duba ayyukan ɗalibai. Na ɗaya, a wajabta wa ɗalibi ya bayyana wanda ya gabatar da shi ga mutanen, da matsayinsa a wurinsu, da tsawon zaman da ya yi. Na biyu, kada a karɓi bayanin gwani ɗaya a matsayin aƙidar gari duka, a nemi na mata da na matasa da na waɗanda suka ce ba su sani ba. Na uku, a sakaya sunan duk wanda maganarsa za ta iya cutar da shi ko zuriyarsa nan gaba, a kuma karanta wa mutane abin da aka rubuta a kansu kafin a buga. Na huɗu, sassanmu na Hausa su riƙa mayar da ɗalibai garuruwan da aka taɓa yin bincike a cikinsu, domin a ga abin da ya sauya, a kuma gaishe da waɗanda suka ba da bayani tun farko. Zumunta a ƙafa take, kuma wannan tarihi ya nuna cewa ilimin addinin mutane ma ta wannan hanya yake zuwa.